Majalisar Dokoki da Mutumin Bakin Iyaka



Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne ziyarar Majalisar Dokoki ta Jihar Katsina, da abin da ya kamata mutumin Jibiya ya sani kafin ya taka ƙofarta.

Kafin shekarar 1987, duk wanda yake son ganin inda ake yi wa ƙasar Katsina doka sai ya tafi Kaduna, zauren Lugga, inda Majalisar Jihar Arewa ta zauna a zamanin Sardauna. Ran 23 ga Satumba, 1987, aka cire Katsina daga Jihar Kaduna, daga baya majalisa ta matso kusa da gida. Tana da wakilai 34, ɗaya daga cikinsu na Jibiya ne.

To, idan baƙo ya nemi izni ya shiga, za a zaunar da shi a wurin 'yan kallo. Daga nan zai hangi kujerar Kakaki, da teburin Akawun Majalisa, da sandar girma wadda ake shigo da ita gaban Kakaki, alamar ikon majalisa. A wannan zaure ake karanta shirin doka sau uku, a nan kuma Gwamna yake gabatar da kasafin kuɗi, domin tsarin mulki na 1999 ya hana taɓa kuɗin jiha sai da yardar wakilai.

Sai dai akwai abin da ido ba ya gani, watau iyakar ikon zauren. Babban abin da ya dami mutumin Jibiya shi ne hanyar Maraɗi. Zumuncin Katsina da Maraɗi ya girmi iyakar da Ingila da Faransa suka shata, gama zuriyar sarakunan Katsina na dā su ne suka zauna Maraɗi bayan jihadi. Amma da aka rufe iyaka a Agusta 2019, aka kuma sāke rufe ta a Agusta 2023 bayan juyin mulkin Nijar, har zuwa Maris 2024, babu wakilin jiha da yake da ikon buɗe ta. Kwastan da shige da fice da soja duk na Gwamnatin Tarayya ne. Iyakacin abin da majalisar jiha za ta yi shi ne ta zartar da ƙuduri na kira ga Abuja.

Makarantu fa, da asibitoci, da hanyoyin karkara? Waɗannan suna hannunta. Tana da ikon kiran kwamishina ya yi bayani. Talaka yana iya rubuta koke ya miƙa ta hannun wakilinsa. Har ma idan fiye da rabin masu rajistar zaɓe suka sa hannu, ana iya fara shirin yi wa wakili kiranye.

Saboda haka, ɗalibai, ku je ku gani da idonku, gama gani ya kori ji. Ku kuma ma'aikata, idan ɗan ƙauye ya zo ƙofar nan, kada ku dube shi kamar mai roƙo. Da harajinsa aka gina zauren, da ƙuri'arsa aka cika kujerun.