Wa Zai Zauna Da Mara Lafiya A Asibiti?

'Yan'uwa, mun san yadda asibitocinmu suke. Likita zai duba, nas za ta yi allura, amma sayen magani, kawo abinci, wanki, kai fitsari ɗakin gwaji, har neman wanda zai ba da jini, duk suna wuyan mai zaman jinya. In damina ta sauka kowa yana gona, sai a rasa mai bin mara lafiya zuwa Jos ko Kaduna. Shi ya sa wasu ke biyan baƙo ya zauna musu.

Ba mu ce biyan laifi ba ne. Amma baƙon nan shi zai riƙe kuɗin magani, shi zai ji abin da likita ya faɗa. Mun ga wanda aka ba kuɗin allura shida ya sayo uku. Mun ga wadda ta baza ciwon mutum a kasuwa.

Muna roƙon dattawan ikkilisiya da zumuntar mata, ku zaɓi mutum biyu da kuka sani, ɗaya mai iya karatu, su riƙa karɓar juna. Mace ta zauna da mace. A ajiye kowane rasit. A yanke lada tun kafin a hau mota, a kuma nome musu gonakinsu kafin su dawo.