Zaman Lahadi a Bakin Tashar Kwatano: Jawabin Magatakarda

Shugabanni, iyayenmu alhazai da hajiyoyi, 'yan uwa 'yan kasuwa da direbobi, muna yi muku barka da zuwa bikin zagayowar ranar kafuwar ƙungiyarmu. Allah Ya maimaita mana.

An ba mu minti kaɗan mu yi magana kan zaman da muke yi kowace Lahadi bayan la'asar a Zongo, kusa da tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Mai wucewa zai ga tabarma da butar shayi kawai. Amma a nan ne baƙon da ya zo fitar da kwantenarsa ta farko yake jin wane tiranzite ne mai amana, da irin takardun da duwan ke nema, da yadda kuɗin ajiya ke hawa kullum idan kaya suka wuce wa'adi a tasha. A nan ake haɗa mai kaya da mai kamyo, a raba gardamar dillalai kafin ta kai gaban hukuma, kowa kuma ya zuba jaka guda ta sefa a asusu.

Asusun nan ya yi mana rana sau biyu. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai kuma, aka rufe gadar Malanbil da Gaya, motoci suka yi jerin gwano makonni, albasa ta ruɓe, guzuri ya ƙare. Da kuɗin Lahadi muka aika wa direbobi da yaran mota shinkafa da magani, da shi muka mayar da waɗanda jarinsu ya karye gida.

Yanzu ga abin da ke damunmu. Tun da kayan Nijar da yawa suka koma Lome, suna bi ta Burkina Faso, tabarmarmu ta ragu. Wasu sun ƙaura, wasu suna ganin saƙon WhatsApp ya wadatar. Waya tana kawo farashi, amma ba ta tsaya wa mutum shaida ranar da aka riƙe kayansa, ba ta kai shi asibiti. Zumunci a ƙafa yake.

Don haka muna roƙon abu uku. Wanda ke gari ya zo, ko da na rabin awa ne. Wanda ya koma Lome ya riƙa aiko da nasa ta hannun ma'aji, sunansa na nan a littafi. Iyayenmu kuma su riƙa zuwa da yaran shagonsu, su koyi hanya tun muna tare.

Allah Ya buɗe mana hanyoyi, Ya tsare matafiyanmu, Ya jiƙan waɗanda suka shimfiɗa mana wannan tabarma. Wassalamu alaikum.