Lissafin masara da abin da ya shafi Damargu



A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974 bayan babban fari. Can masana ke zuba wa na'ura mai ƙwaƙwalwa yawan ruwa, zafin rana, irin ƙasa da ranar shuka, sai ta "noma" gonar a cikinta ta faɗi abin da za a girbe. Ba duba ba ne, lissafi ne, kuma yakan kuskure.

Abin da ya fi tada mana hankali shi ne zafi. Binciken da aka fitar a 2011 kan gonakin gwaji na Afirka ya nuna masara na rage amfani duk ranar da zafi ya wuce maki 30, balle in ƙasa ta bushe lokacin da take fidda gemu.

Wani zai ce mu ƴan hatsi ne, ina ruwanmu? To, ruwan Tanut da Belbeji bai isar masara, amma ita muke saye idan rumbu ya ƙare, kuma daga kudu take zuwa, Najeriya da Benin. In ta ƙi can, tiya ta hau nan. Waɗanda suka ga 1984 sun sani.

Saboda haka muna roƙon ƴan ci-rani: ku aiko da kuɗin cimaka tun kaka, kada ku jira bazara. Dattawa kuma, a ɓoye irin hatsi mai saurin nuna, ko da yunwa ta matsa.