Mai Ƙira Ma Yana Bukatar Dillali



Mu 'yan kasuwa ne, bokonmu bai yi zurfi ba, amma mun san abu ɗaya sarai: kaya ba ya sayar da kansa. Baƙon da ya kawo shanu kara, in bai sami mai gida da dillali amintacce ba, sai ya koma da asara. To, wanda ya ƙera sabuwar na'ura ma haka yake. Shi ya sa yau muka zo muku da labarin wani mutumin Amurka, Frederick Cottrell, wanda ya zama dillalin masu ƙirƙira.

An haife shi a garin Oakland na jihar Kalifoniya a 1877. Tun yana yaro bai san zaman banza ba. Yana da 'yar na'urar ɗab'i da yake yi wa mutane aiki, yana ɗaukar hoto, yana haɗa wayar lantarki, har 'yar jarida yake bugawa. Juma'ar da za ta yi kyau, ai tun Laraba ake gane ta. Ya gama jami'ar Kalifoniya a 1896 cikin shekara 3, ya koyar a sakandare ya tara guzuri, sannan ya tafi Jamus ya sami digirin dakta a Leipzig a 1902.

Da ya dawo gida, ya tarar masana'antun narka ƙarfe da na siminti suna fitar da hayaƙi da ƙura suna ɓata gonakin jama'a, rigima har kotu. Sai ya ƙera na'ura. Ana sa wayoyi masu wutar lantarki mai ƙarfi a hanyar hayaƙin, ƙurar ta ɗauki wutar, ta je ta manne a jikin farantan ƙarfe, a kakkaɓe ta a kwashe. A 1908 gwamnati ta ba shi takardar mallakar ƙirƙira, wato shaidar cewa babu mai ƙera irinta ya sayar sai da izininsa, har wa'adin da doka ta yanka ya cika.

Jama'a, nan ne fa wurin lura. Da ya so, da ya zauna ya ci riba shi kaɗai. Amma ya ga malaman jami'a da yawa suna da basira, ba su san ciniki ba, takardunsu na kwance a akwati. A 1912, da taimakon shugaban cibiyar Smithsonian, Charles Walcott, ya kafa Research Corporation a New York, ya miƙa mata nasa haƙƙin. Aikinta a wancan lokaci shi ne ta karɓi ƙirƙirar mutum, ta nemo masana'antar da za ta ƙera, a rubuta yarjejeniya, ta riƙa karɓar kaso daga cinikin, ta mayar da kuɗin ga masu bincike.

Da irin wannan kuɗi aka tallafa wa Ernest Lawrence, wanda ya ci kyautar Nobel a 1939. Haka wasu mata biyu, Elizabeth Hazen da Rachel Brown, suka gano maganin nystatin a 1950, wanda ake ba jariri in farin nan ya fito masa a baki. Suka damƙa wa wannan kamfani, kason ya haura dala miliyan 13, duka ya koma bincike. Cottrell ya rasu a 1948, bai bar dukiya mai yawa ba, amma ya bar hanya.

Mu ma nan Nijeriya ƙofar tana nan. Dokar 1970 ta ba mai ƙirƙira kariya ta shekara 20. Akwai kuma hukumar NOTAP, wadda aka kafa a 1979 da wani suna, aka sake mata wannan a 1992, tana taimakon masu neman takardar. Sai dai takarda kawai ba ta sayen ko mudun gari, sai an kai abin kasuwa.

Don haka, 'ya'yanmu, kada ku raina tsaron shago da safe ko lissafin kwandon goro. A nan ake koyon cika alkawari da sanin farashi, abin da mai ƙira ya fi rasawa. Wanda ya haɗa wannan da karatun lauya ko injiniya, ya sami sana'a. Ku kuma masu ƙere-ƙere, kada ku baza sirrin aikinku kafin ku yi rajista.

Mu iyaye, in yaro ya zo da abin da ya haɗa, kada mu ce shirme ne. Mu tambaye shi: wa zai saya, nawa ka kashe, wa ka nuna wa?