KIYAYE TAKARDUN DA KE CIKIN KWAMFUTAR GIDA

Jawabin wayar da kai ga jama'ar Kwamba ta ƙasar Suleja da sauran 'yan ƙasa baki ɗaya



Abin da wannan jawabi zai yi magana a kai shi ne yadda mai kwamfuta a gida zai kiyaye takardunsa da hotunansa, don kada su salwanta ranar da na'urar ta lalace. An ce ranar da ta lalace, ba a ce idan ta lalace ba, domin kuwa babu kwamfutar da aka ƙera wadda ba za ta tsaya ba wata rana. Wata takan shekara goma tana aiki, wata ko shekara ba ta cikawa, kuma babu mai gyaran da zai iya faɗa wa mutum ranar.

A ɗauki misalin magidanci ma'aikaci da ke zaune a Kwamba. Kullum da asuba yakan bi ta Madalla da Zuba, ya wuce Dutsen Zuma, ya tafi wurin aikinsa a Abuja, ba ya dawowa sai bayan magariba. A ɗakinsa akwai kwamfuta guda ɗaya, wadda gida duka ke amfani da ita. A cikinta ya zuba hoton takardar filinsa, da takardar kama aiki, da na ƙarin girma waɗanda za a nema ranar biyan fansho. Uwargida tana sayar da atamfa, a nan take rubuta sunayen masu bashi da abin da ya rage a kan kowa. Babbar 'yarsu tana shekarar ƙarshe a jami'a, ta yi wata bakwai tana rubuta kundin bincikenta. Akwai kuma hotunan suna da na biki, da muryar mahaifinsa da aka ɗauka kafin rasuwarsa. Duk waɗannan suna zaune ne a kan abu guda wanda bai fi tafin hannu girma ba. Idan abin nan ya mutu, kwamfuta dai a iya sayen wata a kasuwa. Muryar tsoho kuwa ba a sayar da ita a ko'ina.

ABIN DA KE KASHE FAIFAN AJIYA

Wurin da kwamfuta ke ajiye fayiloli shi ake kira faifan ajiya, kuma iri biyu ne. Tsohon iri faifai ne na gaske mai juyawa, sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wata 'yar allura da ke shawagi a kansa tana karatu da rubutu ba tare da ta taɓa shi ba. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin silin gashi ba, nesa ba kusa ba. Saboda haka idan yaro ya ture kwamfutar daga kan tebur tana cikin aiki, allurar takan karci faifan, abin da ke wurin ya tafi ke nan. Irin wannan faifai yakan yi gargaɗi wani lokaci: a ji yana ƙara ƙas-ƙas, ko na'urar ta riƙa nauyi wajen buɗe fayil. Sabon iri, wanda ake kira SSD, ba shi da abin da ke juyawa, ya fi sauri, ya fi jure faɗuwa. Amma shi sau da yawa ba ya sallama. Jiya lafiya lau, yau a kunna a tarar babu kome.

Ban da tsufa, akwai abubuwan da ke gaggauta mutuwar na'ura a ƙasashenmu. Wutar lantarki da ke ɗaukewa ana tsakiyar rubutu takan ɓata fayil ɗin da ake aiki a kai, wadda kuma ta dawo da ƙarfi fiye da kima takan ƙona kayan ciki. Haka janareta da ba a daidaita ba. Ƙurar hunturu tana toshe fankar da ke sanyaya na'ura, sa'an nan zafin bazara na watan Maris da Afrilu ya zo ya same ta a toshe. Da damina ga tsawa, ga ruwa. Mutanen Suleja ba su manta ambaliyar watan Yuli na 2017 ba, wadda ta ci rayuka ta kuma rushe gidaje. Sai ɓarawo, wanda shi ba ya tambayar abin da ke ciki kafin ya ɗauka.

Akwai kuma cutar kwamfuta, watau bairos. Ɗaya daga cikin hanyoyin da take shigowa gidaje ita ce filash da aka kai shagon buga takardu aka dawo da shi. Mafi muni a cikin irinta ita ce wadda ke kulle fayilolin mutum duka, ta ce sai ya biya kuɗin fansa. A watan Mayu na 2017 wata mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe fiye da 150 cikin 'yan kwanaki, har asibitoci a Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida saboda kwamfutocinsu sun kulle.

Amma gaskiyar magana, sau da yawa ɓarnar ba daga waje take zuwa ba. Hannun mai abu ne ke yinta: ya goge folda bisa kuskure, ko ya ajiye sabon rubutu a kan tsoho.

MA'ANAR AJIYA TA BIYU

Manomi mai hankali ba ya zuba irin shukarsa duka a rumbun da ake ɗiba kullum. Yakan ware wani ya rataye dabam, don ko gara ko gobara ta ci rumbu, ya sami abin shukawa da damina. Malaman zaure ma tun da can sun san haka, shi ya sa almajiri ke kwafe littafin malaminsa da hannu ya tafi da shi garinsu. Wannan shi ne dukan abin da ake nufi da ajiya ta biyu: a yi kwafin fayil a ajiye a wani wuri da ba cikin kwamfutar ba.

A nan mutane da yawa ke yin kuskure, kuma ya kamata a tsaya a kai. Wanda ya kwafe takardunsa daga wata folda zuwa wata a cikin kwamfuta guda bai yi kome ba, domin faifai ɗaya ne ke ɗauke da su. Haka wanda ya kwashe hotunansa ya mayar cikin filash, sa'an nan ya goge na kwamfutar don ya sami fili. Shi ma ajiya ɗaya gare shi, ya dai sauya mata ɗaki ne kawai, ɗakin kuwa ya fi na farko saurin ɓata, tun da filash kan faɗi daga aljihu a cikin motar haya.

Ƙa'idar da masana suka daɗe suna bi ita ce uku, biyu, ɗaya. Kowane fayil mai muhimmanci ya kasance guda uku: na asali da kwafi biyu. A ajiye su a kan na'urori iri biyu dabam-dabam. Ɗaya daga ciki kuma ya kasance ba a gidan ba sam.

Amfanin wannan na ƙarshe ya bayyana a 1998 a kamfanin Pixar na Amurka, lokacin da ake shirya fim ɗin Toy Story 2. Wani umurni da aka bai wa kwamfuta bisa kuskure ya goge mafi yawan aikin. Da aka je ɗauko ajiyar kamfanin, sai aka tarar ta daɗe ba ta aiki daidai, ba wanda ya lura. Abin da ya cece su shi ne wata ma'aikaciya mai jego da ke aiki daga gida, wadda ke da kwafin fim ɗin a kwamfutarta. Aka naɗe kwamfutar da barguna aka kawo ta ofis a mota. Fim ɗin ya fito a 1999.

YADDA MAGIDANCI ZAI YI

Da farko ya zauna da iyalinsa a ware abin da ba a iya samun madadinsa. Finafinai da waƙoƙin da aka sauko da su daga intanet ba sa cikin lissafi, gobe ma a sake saukowa. Takardun shaida su ne gaba: na haihuwa, na makaranta irin su WAEC da NECO, takardar NIN, na fili da gida, na aiki da fansho. Sai littafin ciniki, da aikin makaranta, da hotunan iyali. Idan aka tattara su a folda guda, yawanci akan tarar ba su da girman da ake zato.

Sa'an nan ya sayi faifan ajiya na waje, irin wanda ake jonawa da waya, mai girman da ya fi abin da za a zuba. A saya a wurin wanda aka sani, domin akwai jabun filash da memori a kasuwa, waɗanda ke nuna girman da ba su da shi. Sukan karɓi fayil kamar lafiya, sai ranar buƙata a tarar ba ya buɗuwa. Hanyar gwaji ita ce a cika abin da fayiloli tun ranar da aka saya, a cire, a mayar, a buɗe na farko da na ƙarshe.

Ba lalle sai an yi kwafin da hannu ba. Kwamfuta mai Windows tana da abin da ake kira File History tun daga Windows 8 na 2012, ta Apple kuma tana da Time Machine tun 2007. Da zarar an kunna su aka nuna musu faifan waje, su ke yin aikin, kuma suna riƙe tsofaffin kwafi, yadda ɗalibar da ta ɓata babi na uku yau za ta iya komawa ga yadda yake makon jiya. Bayan an gama, a cire faifan a sa a akwati. Faifan da aka bari a jone dare da rana, wutar da ta ƙona kwamfuta za ta iya haɗawa da shi, bairos mai neman fansa ma haka, ɓarawo kuwa ya sami gyara.

Sau nawa za a yi? Mutum ya tambayi kansa aikin kwana nawa zai iya jure asararsa. Ga yawancin gidaje sau ɗaya a mako ya isa, a tsayar da rana guda, misali Asabar da safe, kada a bar wa tunawa. Mai rubuta kundi ko mai lissafin ciniki kuwa, kullum kafin ya kwanta.

Kwafi na uku shi ne wanda zai bar gida. Ana iya ajiye faifai na biyu a aljihun tebur na ofis, ko a gidan ɗan'uwa amintacce a wata unguwa, a riƙa sabunta shi wata-wata. Ana kuma iya amfani da ma'ajiyar intanet. Google Drive na ba da gigabait 15 kyauta, wanda ake rabawa da saƙonnin Gmail da hotuna, OneDrive da iCloud kuma gigabait 5 kowanne. Wannan ya ishi takardun shaida na gida guda har da saura, kuma ba ya cin data mai yawa idan ba bidiyo aka ɗora ba.

Sai dai a yi hattara da abu uku. Yawancin irin wannan ma'ajiya madubi ce: abin da aka goge a kwamfuta yakan goge a can ma, kuma a Google Drive kwana 30 kawai yake yi a kwandon shara kafin ya tafi. Na biyu, tun daga watan Disamba na 2023 kamfanin Google na da ikon rufe asusun da aka shekara biyu ba a shiga ba. Na uku, kalmar sirri. Wanda ya manta ta, layin wayar da ya yi rajista da shi kuma ya ɓata, ya kulle kansa a waje. A rubuta ta a takarda a ajiye tare da takardun gida, kuma mutum ɗaya amintacce a cikin iyali ya san wurin, domin rai ba a bakin kome yake ba, magada kuma za su nemi takardun nan.

Kada kuma a ɗauka abin da ke intanet ba ya ƙonewa. Shi ma a cikin wani gini yake, a kan faifai irin na kowa. A watan Satumba na 2025 gobara ta tashi daga batura a cibiyar ajiyar bayanai ta gwamnatin Koriya ta Kudu da ke Daejeon. Wata ma'ajiya da ma'aikatan gwamnati ke zuba takardunsu, mai ɗauke da kimanin terabait 858, ta ƙone, kuma ba a yi mata kwafi a wani wuri ba. In gemun ɗan'uwa ya kama da wuta, sai a shafa wa na kai ruwa.

Darasin Pixar na biyu shi ne gwaji. Duk bayan wata uku a ɗauko faifan, a jona shi a wata kwamfuta dabam, a buɗe takarda biyu da hoto biyu a ga suna nan. Ranar 31 ga Maris ta kowace shekara an keɓe ta a duniya don tunatar da mutane wannan aiki, tana da kyau a riƙe ta ranar babban dubawa, ga shi kuma ta faɗo gab da damina.

Game da wuta, sitabilaiza na taimakawa, batirin UPS kuma yakan ba mai kwamfutar tebur 'yan mintoci ya ajiye aikinsa ya kashe. In hadari ya haɗu, a zare waya daga bango. Waɗannan suna ƙara wa na'ura kwana ne kawai, ba sa maye gurbin kwafi.

IDAN ABIN YA RIGA YA AUKU

Wanda kwamfutarsa ta tsaya bai yi kwafi ba, kada ya yi ta kunnawa yana kashewa, musamman in yana jin ƙarar nan ta ƙas-ƙas, domin kowace kunnawa ƙara karce faifan take yi. Wanda ya goge fayil bisa kuskure ya daina ajiye kome a kan faifan nan take. Fayil ɗin da aka goge yawanci yana nan a kwance har sai an rubuta wani a gurbinsa, ko da yake a kan SSD damar ceto ba ta da yawa.

In an kai wa mai gyara, kalma ta farko da za a faɗa masa ita ce akwai takardu a ciki, kada ya yi fomatin. Masu gyara da yawa da shi suke farawa, don shi ne hanya mafi sauri ta tayar da na'ura, kuma shi ke share abin da ya rage. Sau da yawa ba faifan ne ya mutu ba, allon na'urar ne ko wurin shigar wuta. A roƙe shi ya ciro faifan, ya jona shi a wata kwamfuta a gaban mai shi, a kwashe takardun tukuna, sa'an nan a yi maganar gyara da kuɗinsa.