Shugabanci Amana Ne: Abin da 'Ya'yanmu Suka Koyo a Unguwannin Masana'antu



Mu da muka tsufa da alli a hannu mun san cewa ba a kan allo kaɗai ake koyar da hali ba. Sanin haka ne ya sa tun a 1951 aka buɗe sansanin horar da matasa na Man O' War a gaɓar teku kusa da Victoria, wato Limbe ta Kamaru a yau, daga baya kuma aka kafa irinsa a duwatsun Shere kusa da Jos. Wannan tafarki muka bi a dogon hutun da ya wuce, da muka keɓe shugabannin ɗalibai 'yan asalin garinmu na kwana biyar a nan Kano, domin gani ya kori ji.

Mun fara da Bompai, uwar unguwannin masana'antu a wannan birni. Da yawa daga cikinmu jiniyar kamfanoninta ce ta raba mu da gida. Yaran sun ga ƙofofi a garƙame, ciyawa ta cinye haraba. Muka bayyana musu yadda tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, da ƙarancin wutar lantarki, da kwararowar atamfofin waje suka durƙusar da masaƙu. Darasin shi ne, shawarar da shugaba ya yanke a ofis, a tukunyar talaka take ƙarewa.

A Sharada sun tsaya da asuba suna kallon masu aikin dare na fita, na safe na shiga. Sun fahimci cewa idan mutum ɗaya ya makara, layi guda ne zai tsaya.

A Challawa kuwa sun ga kamfanonin jima, magadan sana'ar da ta kai jar fatar akuyar ƙasar Hausa har Turai, inda ake kiranta fatar Maroko. Sun kuma ga dattin ruwan masana'antu yana gangarawa kogin da manoma ke ban ruwa da shi. Wata yarinya ta ce, "Baba, ashe abin da ka zubar a sama, na ƙasa ne ke sha?" Ba mu ƙara mata komai ba.

Amma babbar jarrabawa a masauki aka yi ta. Kowane rukuni ya zaɓi shugaba, aka danƙa masa kuɗin cefane da rabon abinci. A daren farko wani ya fara cika kwanonsa, biyu daga mabiyansa suka kwana ba su ƙoshi ba. Ba mu tsawata masa ba. Lissafi kawai muka sa ya karanta a gaban 'yan'uwansa. Daga ranar, shi ne na ƙarshen ci.

'Yan'uwa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Waɗannan yara su za su riƙe asusun wannan ƙungiya, da rijiyoyi da azuzuwan da muke ginawa a gida. In ba su koyi riƙon amana a kan kwanon tuwo ba, ba za su koye shi a kan miliyoyi ba. Muna roƙo a ware wa wannan zama kaso a kasafin kowace shekara, a kuma turo mana 'ya'ya mata kamar yadda ake turo maza.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ɗaukaka garinmu.