Jinyar Taɓin Hankali Ta Hanyar Zane Da Aikin Hannu: Abin Da Majiyyaci Zai Tarar

 

Kowa a nan ya san gidan da ake ɓoye wani. Ko dai saurayi ne ya daina magana, ko mai jego ce ta kasa barci tana ta kuka ba dalili, ko yaro ne da ya ga tashin hankali a garinsu kafin iyayensa su yi ƙaura zuwa nan, yanzu ko ƙofa aka buga sai ya firgita. In an kai irin waɗannan asibiti, likita zai ce su faɗi abin da ke damunsu. To, da yawa sai bakinsu ya ƙi. Saboda irinsu ne aka samo hanyar da zan bayyana muku yau, watau jinya ta hanyar zane da aikin hannu.

Asalin wannan hanya

Wani mai zane ɗan ƙasar Ingila, Adrian Hill, shi ne ya raɗa mata suna a 1942. Ya kwanta jinyar tarin fuka, sai ya lura cewa zanen da yake yi a kan gado yana rage masa ƙunci, ya kuwa shiga koya wa sauran majiyyata. A ƙasarmu ma abin ba baƙo ba ne. A farkon shekarun 1950 wani Bajamushe, Ulli Beier, ya riƙa kai takarda da fenti ga majiyyatan asibitin Lantoro a Abeokuta, suka yi zane-zanen da suka ba mutane mamaki. A 1954 kuma Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarinsa na Aro, inda majiyyata suke zaune a ƙauyuka tare da 'yan'uwansu, suna zuwa asibiti da rana, maimakon a kulle su. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto wanda ya duba bincike fiye da 3,000, ya nuna cewa zane da kiɗa da ire-irensu suna taimakawa wajen kula da lafiya.

Abin da ake yi a ɗakin jinya

Ranar farko hira za a yi. Ma'aikacin zai tambayi majiyyaci tarihin ciwonsa, da maganin da yake sha, da abin da yake fatan samu. Daga nan sai a ajiye masa kayan aiki: takarda, fensir, fenti, yumɓu, zare da allura. Shi ne zai zaɓa. Galibi zama ɗaya yakan ɗauki kamar awa guda, sau ɗaya a mako, ko shi kaɗai ko cikin ƙaramar ƙungiya.

Kada wani ya ce, "Ni ban iya zane ba." Ba makaranta ba ce, ba a ba da maki, ba a kuma neman kyau. Wanda bai son zana siffar mutum ko dabba saboda addininsa, babu mai tilasta masa. Yana iya yin zayyana irin ta bangon gida, ko dagin Arewa, ko ɗinkin hula, ko ginin tukunya. Mu mutanen wannan yanki ba sai an koya mana darajar yumɓu ba. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, da yumɓun ƙasar nan ta yi suna a duniya.

In an gama, sai ma'aikacin ya zauna da majiyyaci su dubi abin tare. Ba duba yake yi ba, ba kuma fassarar mafarki ba. Tambaya kurum zai yi: "Wannan baƙin wurin fa, mene ne?" ko "Wa ke cikin wannan gida?" Sau da yawa yaron da ya kasa cewa "ina jin tsoro" yana iya nuna takarda ya ce, "A nan muka ɓuya." To, ƙofa ta buɗe ke nan. An ce labarin zuciya a tambayi fuska. A nan hannu ake tambaya. Ban da wannan, maimaita aiki guda, kamar murza yumɓu ko saƙa, yana kwantar da numfashi ya tattara hankali wuri ɗaya. Wanda kuma ya daɗe yana jin ba shi da amfani, in ya ga ya gama wani abu da hannunsa, sai ƙarfin gwiwa ya fara dawo masa.

Abubuwa huɗu da ya kamata iyali su sani

Na farko, wannan hanya mataimakiya ce. Ba ta maye gurbin maganin likita. Wanda aka ɗora a kan ƙwayoyi kada ya daina sha don ya fara zane.

Na biyu, sauƙi ba ya zuwa rana ɗaya. Ana iya yin makonni ko watanni. Wata rana ma majiyyaci zai dawo gida ransa a ɓace, domin aikin ya tono abin da ya binne. Wannan ba alamar lalacewa ba ce, amma a sanar da ma'aikacin.

Na uku, abin da ya zana sirrinsa ne. Kada a ƙwace a nuna wa maƙwabta, kada a yi masa dariya, kada a matsa masa da tambaya.

Na huɗu, in mutum yana maganar kashe kansa, ko yana neman cutar da wani, ko ya daina ci da sha, wannan ba lokacin takarda da fenti ba ne. A gaggauta kai shi asibiti.

Ina za a nema?

Gaskiya ita ce, waɗanda suka ƙware musamman a wannan fanni ba su da yawa a ƙasarmu. Galibi ana samun irin wannan aiki ne a sashen koyar da sana'a ga majiyyata na manyan asibitocin ƙwaƙwalwa, irin su na Gwamnatin Tarayya da ke Barnawa a Kaduna, da na Kware a Jihar Sakkwato, da na Maiduguri. Ku a nan, ku fara da asibitin unguwa. Daga can za a tura ku ga likitan ƙwaƙwalwa, a Asibitin Ƙasa da ke Abuja ko Asibitin Koyarwa na Gwagwalada. Ku tambaye shi ko wannan hanya ta dace da majiyyacinku. Ku yi hattara da duk wanda ya ce zai warkar da shi da zane kaɗai, ya kuma nemi kuɗi masu yawa.

Ku sani kuma, a watan Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958. Dokar ta ba mai taɓin hankali haƙƙin a yi masa jinya cikin mutunci, ta kuma hana a nuna masa bambanci. Ɗaure shi da mari, ko duka, ko kulle shi a ɗaki ba magani ba ne. Ciwo ne kamar hawan jini, yana iya samun kowa, kuma ana samun sauƙinsa.

Saboda haka, jama'a, wanda ke da irin wannan majiyyaci a gida ya fito da shi, ya raka shi, ya yi haƙuri da shi. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kare masu lafiya.